Kafin Matasanmu Su Zuba Kuɗi A Kiwon Mesa Mai Launi, Su Fara Sanin Lissafin Gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan abin da na san wasu masu karatu da sun gan shi za su ja tsaki su buɗe shafi na gaba, wato kiwon maciji. Ban ga laifinsu ba. Mu mutanen Gombe ba mai koya mana tsoron maciji. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba ya rabo da majinyata, musamman lokacin shuka da na girbi, kuma kububuwa ce ke kai mafi yawansu can. Sai dai macijin da zan yi magana a kansa ba shi da dafi, kuma ya riga ya shiga wayoyin 'ya'yanmu, ya fara shiga aljihunsu. Idan manya suka yi shiru, mayaudara ne za su zama malamansu.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe, kuma na ɗan jima ina kiwon wata ƙaramar mesa da masana ke kira Python regius, wadda wani masani ɗan Ingila, George Shaw, ya fara bayyana ta a rubuce a 1802. Ba babbar mesar nan da ke haɗiye ɗan akuya ba ce. Wannan da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, kanta ɗan ƙarami, kuma idan ta tsorata sai ta dunƙule wuri ɗaya ta cusa kanta a tsakiya. 'Yar Afirka ce, daga Senegal har zuwa Uganda, tana kwana a ramukan ɓeraye da tsofaffin shuri. A garin Wida na Jamhuriyar Benin har ɗaki aka gina mata, kuma akwai garuruwan Ibo da ba sa kashe ta. Ko ya halatta a yi cinikinta, wannan na malaman addini ne, duk mai niyya ya fara tambayarsu. Ni abin da na karanta kuma nake gani a ɗakina zan faɗa.

Launinta na asali ruwan ƙasa ne mai duhu, da manyan tabo masu ruwan zinariya a gefe, ciki kuma fari. Amma abin da yaranmu ke gani a TikTok da Facebook daban ne: wata fara sol da shuɗin ido, wata ruwan ɗorawa da jajayen idanu, wata rabinta fari tas rabinta mai zane, a ƙasa kuma an rubuta farashi da dala. Daga nan sai ka ji wani a WhatsApp yana tallar mesa mai launin da kowa ya sani, yana cewa ai "het" ce, farar tana cikin jininta, da ta yi ƙwai an yi arziki. Wani tsohon ɗalibina ya ba da kuɗin da ya tara don sayen keken ɗinki ya karɓo irin waɗannan guda biyu. Ba takarda, ba hoton uwa, ba hoton uba. Ya kawo mini in duba in gaya masa ko gaskiya ne. Na ce masa ba ni ba, ko wanda ya fi kowa sanin mesa a duniya ba zai duba ya gaya masa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wurin ido bai san komai ba.

Ga dalili. Kowace mesa tana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wasu ƙwayoyin masu ɓuya ne, ba sa bayyana sai biyu sun haɗu. Zabiya daga cikinsu take, haka mai farin rodi da 'yan kasuwar ke kira Piebald, haka Clown, haka Axanthic wadda ruwan ɗorawa ya ɓace mata ta koma ruwan toka. Mesar da ke ɗauke da ƙwaya ɗaya tak ta irin waɗannan, ita ake kira "het", kuma ba ta da bambanci da wadda aka tono daga rami jiya.

Lissafin ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne wanda ake yi wa masu shirin aure a asibiti kan sikila. AS da AS idan suka haɗu, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kuma duk mun san gidan da aka haifi huɗu ba mai sikila ko ɗaya, mun san gidan da aka jera uku, domin kowane ciki da nasa rabon, ba ya duba na baya. Haka ƙwan mesa yake, ba ƙari ba ragi. Het da het: kowane ƙwai kashi 25 zabiya. Sauran da suka fito da launin asali, biyu cikin uku suna ɗauke da ƙwayar, ɗaya ba shi da ita, kuma ba a san wane ne wane ba. Daga nan aka samo abin da masu kiwo ke rubutawa "het kashi 66". Idan het aka haɗa da wadda ba ta da komai, 'ya'yan "het kashi 50" ne. Het mai tabbas, kashi 100, ita ce wadda ɗaya daga cikin iyayenta zabiya ne a fili. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: nuna mini uwa da uba. In ya fara kame-kame, cinikin biri a sama yake so a yi.

Mesar nan ba ta yin ƙwai da yawa. Yawanci huɗu zuwa takwas ne, sau ɗaya a shekara, wani lokaci ma ta tsallake shekara. To ɗauki ƙwai shida daga het da het na gaskiya. Yiwuwar a ƙyanƙyashe dukkansu ba zabiya ko ɗaya ta kai kusan kashi 18 cikin ɗari. Ke nan mutum zai iya sayen kaya na gaskiya ya fito hannu wayam a shekarar farko, ya je yana zagin wanda bai cuce shi ba. Hanyar da ta fi saurin gane macen da ake shakka ita ce a haɗa ta da namiji zabiya a fili. In tana ɗauke da ƙwayar, kowane ƙwai rabi da rabi ne. Zabiya ɗaya ta fito, magana ta ƙare. In shida suka fito ba ko ɗaya, yiwuwar a ce het ce ta yi ƙasa ƙwarai, don sau ɗaya cikin 64 ne haka ke faruwa da mai ɗauke da ita. Amma a tuna, mace ba ta isa barbara sai ta yi shekara biyu zuwa uku, masu kiwo kuma suna jira ta kai wajen giram 1,500. Saurayin da aka ce masa kafin babbar salla zai mayar da kuɗinsa, ƙarya aka yi masa tun daga nan.

Kashi na biyu su ne masu rabin rinjaye, kuma a nan ido yana da ɗan aiki. Ƙwaya ɗaya tana canza kama, biyu kuma su fitar da wata kama dabam da ake kira "sufa". Pastel mai ƙwaya ɗaya tana da haske, ruwan ɗorawanta ya fi fitowa, baƙin yana dusashewa a tsakiyar baya, idanunta masu ɗan kore. Pastel da ta asali, rabin 'ya'yan Pastel. Pastel da Pastel, ɗaya cikin huɗu sufa, biyu Pastel, ɗaya na asali. Sufa da ta asali, dukkansu Pastel. Abin da nake so matasa su riƙe shi ne, irin waɗannan ba sa ɓuya. Duk wanda ya ce maka ga mesa mai launin asali amma "het Pastel" ce, ko bai san abin da yake faɗa ba, ko ya san kai ba ka sani ba.

Farar nan mai shuɗin ido da ta fi ruɗa yaranmu daga wannan gida take. Akwai wasu iri kamar Mojave da Lesser da Butter waɗanda duk a gurbi ɗaya ƙwayoyinsu suke zaune. Haɗa Mojave da Lesser, kowane ƙwai yana da kashi 25 na fitowa fari da shuɗin ido. Ka ɗauki wannan farar ka haɗa da ta asali, ba za ka ga fara ko ɗaya ba, ba za ka ga ta asali ko ɗaya ba: rabi Mojave, rabi Lesser. Duk lokacin da na zana wannan a allo ajin yakan yi tsit, domin a nan yaro ke gane cewa uwa ba launinta take ba ɗanta ba, ɗaya daga cikin ƙwayoyinta biyu take ba shi. Akwai kuma Fire, wadda sufarta fara ce amma da baƙin ido, da Yellow Belly wadda sufarta ruwan hauren giwa ce. Ita Yellow Belly mai ƙwaya ɗaya da ƙyar ake bambanta ta da ta asali, sai an kifa ta an duba gefen ciki, inda ake ganin ɗigo-ɗigo da ɗan ruwan ɗorawa. Ko ƙwararru suna saɓani a kanta, kuma barbara ce ke raba gardamar.

Wani tarkon shi ne kama ɗaya, asali daban. Zabiya ta yau da kullum da wadda ake kira Lavender duk masu hasken jiki ne da jan ido. Haɗa su, sai 'ya'yan su fito duk da launin asali, kowanne yana ɗauke da ƙwayoyin biyu a ɓoye, saboda ba gurbi ɗaya matsalar take ba. Masu kiwo sun daɗe da ganin haka a ɗakunansu, amma sai a 2022 wani rukuni a Jami'ar Eastern Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Hannah Seidel, ya nuna ainihin wurin: zabiya a ƙwayar TYR take, Lavender a OCA2, wani irin mai hasken jiki da ake kira Ultramel kuma a TYRP1. Wannan OCA2 ita ce kuma ta fi yawa cikin abubuwan da ke kawo zabiya ga mutane a Afirka kudu da Sahara. A 2023 masu bincike da suka haɗa da na Jami'ar McGill ta Kanada suka gano cewa farin rodin Piebald daga ƙwayar TFEC yake. Shi kuwa yawan farin, ba ya bin lissafi: uwa mai ɗan fari kaɗan tana iya haifar wanda kai da ɗan wani wuri ne kawai ke da zane.

Wanda ke son haɗa masu ɓuya biyu a jiki ɗaya, zabiya kuma Piebald, daga iyayen da kowannensu het ne a duka biyun, rabonsa ɗaya cikin 16 ne a kowane ƙwai. Da ƙwai shida a shekara, mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Akwai ɗaya da nake jin daɗin koyarwa, Banana, mai ruwan ɗorawa da ruwan shunayya, wadda baƙaƙen ɗigo ke fito mata yayin da take girma. Masu kiwo sun lura cewa namijin da ya gaji launin daga ubansa, 'ya'yansa masu launin kusan duk maza ne. Wanda ya gada daga uwa kuma kusan duk mata. Shekaru ana mamaki, domin littattafai sun ce dukkan macizai mace ce ke ɗauke da abin da ke raba jinsi. A 2017 aka tabbatar cewa mesa ba haka take ba, namiji ne ke ɗauke da igiyoyin gado X da Y kamar ɗan Adam, kuma ƙwayar Banana a kan wannan igiyar take. Littattafan masu kiwo ne suka fara nuna cewa akwai gyara a maganar masana.

Yanzu ga inda nake da zafi. Ba kowane launi mai kyau ne ya cancanci a yaɗa shi ba. Spider tana da siririn zane mai ban sha'awa, ƙwaya ɗaya ta isa ta bayyana, don haka tana da arha kuma tana da saurin yaɗuwa. Amma tana tafe da lalura: kai yana rawa, wani ya riƙa murɗa wuya yana kallon sama, wani ya kai wa ɓera cafka ya kuskure. Wasu kaɗan, wasu da yawa, kuma mai ɗan kaɗan yana iya haifar mai tsanani. Binciken da aka yi a Jamus a 2022 ya sami nakasa a can cikin kunnensu, wurin da ke daidaita jiki. Ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu ja da ciki ta Birtaniya, IHS, ta hana sayar da ita a bajekolinta tun 2018. Haka sufar Cinnamon da ta Black Pastel kan zo da karkataccen ƙashin baya ko gurɓatacciyar fuska, Champagne biyu kuma in suka haɗu ɗan ba ya rayuwa. Ni ba na ajiye Spider kuma ba zan ajiye ba. Mutumin da ya san cewa haɗin da zai yi zai fitar da dabba mai wahala har ƙarshen ranta, ya yi don launi, ban san amsar da zai bayar gobe kiyama ba. Kuma ranta ba gajere ba ne, tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula.

Su ma masu shiga daji suna tono, suna jin kowace mesa mai ɗan bambancin zane dukiya ce, ina da magana da su. Zanen mesar daji kowace da nata, yawancin bambancin ba ya bin gado. Zafi ko sanyin da ya wuce kima lokacin da take cikin ƙwai ma yana iya hargitsa zane. Ƙwai yana son zafi wajen digiri 31 zuwa 32 har kwana 55 zuwa 60, mu kuwa a Gombe zafin Maris da Afrilu yana haura 40, hunturu kuma ya busar da komai. Ba a cewa an sami sabon iri sai an haɗa, an jira, an sake haɗa 'ya'yan, an ga abin ya maimaitu bisa lissafi. Sannan hannun da ya shiga rami bai san abin da ke ciki ba. Kasa ma gajeriya ce mai kauri mai zane, kuma wanda bai saba ba yana iya ɗaukar ta mesa. Gardawa sun san wannan, ɗan makaranta mai waya bai sani ba.

Duk launukan nan daga dajin Afirka ta Yamma suka fita. Zabiyar farko da Bob Clark ya ƙyanƙyashe a Amurka a 1992, daga wadda aka kamo a yankinmu ta samo asali. Haka Piebald da Peter Kahl ya tabbatar a 1997. A farko dubban daloli ake sayen guda ɗaya, yau 'yan ɗaruruwa ne, domin kowane launi da ya yaɗu farashinsa faɗuwa yake. Miliyoyin mesar nan aka fitar daga Togo da Benin da Ghana, ana tono mata masu ciki da ƙwansu, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin waɗanda ke dab da shiga barazana. Tana kuma cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, wadda Najeriya ta sa wa hannu, don haka fitar da ita ba izinin hukuma laifi ne. Ga manomi kuwa, kowace mesa da aka ɗauke daga gona, ɓeraye ne suka sami sarari. Waɗanda suka ci ribar ba su fi mu mesa ba, littafi suka riƙe.

A ɗakina kowace tana da shafinta: ranar ƙyanƙyasa, uwa, uba, kakanni in an sani, nauyi, ranar da ta ci, ranar da ta yi saɓa, ranar da aka haɗa ta da wane. Ba na yanke hukunci a kan launin jariri sai bayan saɓar farko, wadda ke zuwa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma da hasken rana nake ɗaukar hoto, don fitila tana ƙarya, waya ma tana ƙara launi. Nakan sake ɗauka yayin da take girma, saboda Pastel da Axanthic sukan rine su koma ruwan ƙasa. Namiji ɗaya nake ba mace a shekara. Tana iya ajiye maniyyi na watanni, kuma in maza biyu suka hau ta, ƙwai ɗaya na wannan ɗaya na wancan, nasaba ta rikice.

Roƙona na farko ga 'yan'uwana malamai ne. Muna sa yara haddace waken da Gregor Mendel ya shuka ya wallafa sakamakonsa a 1866, waken da ba su taɓa gani ba, su zana akwatin lissafin gado na Punnett don WAEC da NECO su manta. Ga dabba daga ƙasarsu, wadda suke kallo a waya da son ransu, kuma babu wata doka ta Mendel da ba ta nuna ba. Ba sai an kai maciji aji ba, hoto ya isa. Roƙo na biyu ga sassan ilimin halittu na Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Binciken Michigan da na ambata ba jini aka ɗiba ba, ba a kashe ko mesa ɗaya ba. Saɓa ce masu kiwo suka riƙa aikawa a ambulan, ɗaliban digirin farko kuma suka yi aiki a kanta a darasin gwaji. A yau a ƙasashen waje mutum yana aika saɓa a gwada masa ko mesarsa het ce a wasu launukan, ba sai ya jira shekaru uku ba. Idan wani sashe a nan ya fara, ina da saɓa a ajiye, kowace a ambulan ɗinta da ranar da aka yi ta da shafinta a littafi, kuma zan kai da kaina. Mai buƙata ya neme ni ta hannun wannan jarida.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Malamin ilimin halittu,
Gombe.